Tumbiɗi a Kafaɗar Fasto

A tashar mota, jaririn wata mata ya tsala kuka kusa da wani dattijo mai riƙe da Littafi Mai Tsarki.

"Da a majami'armu ne, 'yata, da tuni an fitar da ku," in ji dattijon.

"Mu ma an so fitar da mu, Baba. Ana cikin wa'azi ya fara, mai tsaron ƙofa ya nuna mini waje. Sai fastonmu ya sauko, ya karɓe shi, ya saɓa a kafaɗa, ya ci gaba da wa'azinsa."

"Da rigar hidima?"

"Har tumbiɗi ya yi masa. Ko duba wurin bai yi ba."

"Shugaba ai yana buƙatar kwarjini."

"Zuwana na farko ke nan bayan rasuwar baban yaron nan. Da na fita ƙofar nan, da ban sake komawa ba."

Dattijon ya daɗe yana kallon yaron.

"Shi mai tsaron ƙofar fa, me ya yi?"

"Kujera ya kawo mini. Me ya sa ka tambaya?"

"Tsaron ƙofa ne aikina a tamu majami'ar," ya ce a hankali. "Miƙo shi nan, ki huta."