Hammadu, Jar Mota da Gwangwanin Lemo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma wakilin Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman da malamanmu da suka yi mana sauka tun da hantsi, Allah ya gafarta maku. Sarkin tasha da shugabannin ƙungiyarmu ta direbobi, na nan Argungu da baƙinmu na Birnin Kebbi, Gulma da Augie. Inna Laure, mai ɗakin marigayi, da ke cikin gida kina takaba, na san lasifikar nan tana isa gare ki, ke da 'yarki Humaira da sauran mata. Faruk, ɗan marigayi, ɗana. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ni ne Ummaru Hodi. Ban iya jawabi ba, abin da na iya shi ne rigima da kamasho. An tsayar da ni yau, ranar addu'ar arba'in ta Malam Hammadu direba, don tare muka fara yaran mota da shi, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Kuma ina ɗauke da saƙo. Faruk, tun ranar da aka kai mahaifinka ka ajiye makullin mota, ba ka ɗaga kai ka dubi kowa ba, don kana ganin ya tafi yana fushi da kai. Ka ba ni izinin faɗin naka ɓangaren. Nasa ɓangaren kuma ba ka taɓa ji ba. Yau za ka ji.

Ya kasance mutum mai gardama, wannan ba za mu ɓoye ba. In ka ce da Hammadu taya ta yi sanyi, sai ya ce idonka ne ya yi sanyi. Goro ɗaya sai ya raba shi huɗu, ya ba ka ƙaramin, ya jira godiya. Amma ya kasance in mace na naƙuda a ƙauye, ƙofarsa ake bugawa, kuma ba ya tambayar wa zai zuba mai. Ya kasance shekarar da aka ba mu jiha, da ma'aikata suka kwaso daga Sakkwato, akori-kurarsa ta yi jigilar tebura da katifu da tukwanen mutane zuwa Birnin Kebbi har kwanonta ya lanƙwashe. Ya kasance in ruwa ya yi barazanar cinye shinkafar fadama, yana cikin na farko da ke kai mota bakin gona. Manoman Gulma ga ku nan zaune, in ƙarya nake ku tsayar da ni.

Kun san abin da ya same shi a daminar da ta biyo bayan samun jiha. Ya ɗauko albasa daga Augie zai kai Birnin Kebbi, ɗansa na fari, Izzuddeen, yana bisa kaya. A kwanar nan ta kusa da Zauro, inda amalanken shanu ke jawo taɓon fadama su shafe kwalta da shi, bayan motar ya zame. Hammadu ya yi abin da kowannenmu zai yi, ya taka birki iya ƙarfinsa. Motar ta juya ta kife. Izzuddeen bai tashi ba. Shi kuma Hammadu aka yanke masa ƙafar dama, wadda ta taka birkin.

Daga ranar ba wanda ya ji ya yi maganar. Kun san al'adarmu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya nuna damuwa a kansa. Yana raye bai kira sunan ba, ya rasu bai kira ba. In dole ta kama sai ya ce yaron nan. Mu kuma muka ce kai, Hammadu akwai kara, akwai tawakkali. Muka yaba masa, muka bar shi da abinsa.

Bayan wasu shekaru, Riskuwa ƙanen Inna Laure ya dawo daga Kwatano da na'urar gem da 'yar talabijin, ya ce a buɗe shago kusa da tasha, Hammadu ya samu abin zama. A cikin wasannin akwai na tseren motoci, a cikin motocin kuma akwai wata ja, gajera, mai ƙarfin tsiya. Matasa sun tsane ta. Da ka ba ta wuta a kwana sai ta wurga bayanta gefe, ta juya da kai kana kallon inda ka fito. Suka sa mata suna Mai Wutsiya, kowa ya guje ta.

Wata rana da safe, shago ba kowa, na leƙa in karɓi rabona na goro. Na tarar da shi zaune gaban talabijin, sandarsa a jingine, abin dannawa a hannu, gumi na zuba. Na ce, "Hammadu, da furfurarka? Tsufa ne ko aljanu?" Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Zauna ka ga wagga mota. Halinta guda da tawa."

Jama'a, wata da watanni bawan Allah nan yana fama da Mai Wutsiya. Ba tsere yake ba, bai damu da wa ya zo na ɗaya ba. Kwana ɗaya ce a cikin wasan, mai santsi, ita yake komawa. Motar ta juya, ya sake. Ta juya, ya sake. A tasha kuwa har waƙa aka yi masa, ana cewa Hammadu ya sayi mota amma tana cikin akwati. Yana ji, sai ya yi murmushi.

Ranar da ya kama ta ina wurin. Bayan ya zame, sai na ga bai taɓa birki ba. Ya sassauta wuta a hankali, ya juya kan motar ya bi inda bayan ya nufa, da ta fara dawowa ya mayar da hannu da wuri. Motar ta yi 'yar girgiza ta miƙe, ta ci gaba da tafiya kamar ba a yi komai ba. Na yi tsalle na ce, "Kai, ka ci ta!" Shi kuwa ya ajiye abin dannawa a cinya. Can ya ce, "Ummaru, ashe ana kama ta. Da ban taka ba, da yaron nan na nan."

Na ce ƙaddara ce. Ya ce, "Awo, ƙaddara ce, na yarda. Amma ƙafata aka aiko." Sannan ya riƙe hannuna ya ce kada in faɗa wa kowa yana raye, musamman Faruk. Ya ce ina shi ina zama gaban ƙane yana kukan wa.

Daga nan ya zo wa ƙungiya da roƙo guda. Ya ce duk sabon direba, kafin ruwa ya sauka, a turo masa shi ya zauna gaban Mai Wutsiya, kyauta. Muka ce to, sai bayan kaka. Kaka ta wuce muka ce sai bayan bikin kamun kifi. Gaskiyar magana, ba mu ga yadda direba mai iyali zai zauna kan bencin yara yana danne-danne ba. Mutum ɗaya ne bai da hanyar gudu, shi ne Faruk, don a lokacin ya fara riƙe sitiyari.

Ga yadda yake yi masa. Hammadu ya san hannu ba shi ne matsala ba, ƙafa ce. Direba ko a bayan mota yake zaune, in ya tsorata sai ƙafarsa ta taka birkin da babu. Don haka sai ya sa gwangwanin lemo wanda ba komai a ciki a ƙarƙashin ƙafar Faruk ta dama, ya ba shi jar motar. In bayan ya zame, ƙafa ta danna, gwangwani ya lotse, sai ka ji Hammadu: "Ka kashe su! Sake!" Ya sa wani. Gwangwanayen da Faruk ya lotsa, masu yin fitila sun ci riba. Kullum magana ɗaya: kada ka taka, bi ta inda ta nufa, dubi inda kake son zuwa, ba ramin da kake tsoro ba. Kuma ya rantse ba zai sa albarka Faruk ya ɗauki fasinja ba sai ya gama tsere gwangwani na tsaye.

Faruk saurayi ne, abokansa na tuƙi suna yi masa dariya. Wata rana, gaban mutane, gwangwani ya lotse, Hammadu ya buga masa sanda a ƙafa. Faruk ya miƙe ya ce, "Kai da mota ta kayar, kai za ka koya mani tuƙi?" Ya fita, ya koma Birnin Kebbi, ya samu motar haya a can. Damina biyu bai tako gidan nan ba.

Faruk, ɗaga kanka. Ka ɗauka maganar nan ce ta raba ku. Da yammacin ranar na zo ina zage-zage, ina cewa sai na je na kamo ka da kunne. Ka san abin da ubanka ya ce? Ya ce, "Mi ya faɗi wanda ba gaskiya ba? Ni na kada ta. Shi ya sa ba ni son shi ma shi kada tashi motar. Ku bar shi, ƙafar ta kusa koyo." Kuma duk direban da ya shigo daga Birnin Kebbi sai ya tare shi. Ba zai ce ina Faruk ba. Sai ya ce, "An yi ruwa wajen Zauro?" Duk tasha mun san abin da yake tambaya.

Nan ne abin ke ci mana rai. Uba na jin nauyin magana, ɗa na jin nauyin dawowa, mu kuma da ke zirga-zirga tsakaninsu kullum, muna ɗaukar albasar mutane da kajinsu, muka kasa ɗaukar kalma ɗaya. Mun ɗauka akwai lokaci.

Ranar da jikin Hammadu ya tsananta ina Birnin Kebbi, motata na gareji. Wani direba ya kawo labari tasha. Motar Faruk ce a kan layi, ta cika da mutane, har da mace mai goyo. Na shiga gaba. An ɗauke ruwa ke nan muka tashi, kuma Faruk na gudu, ban hana shi ba. Muka iso kwanar. Taɓo ya shafe kwalta kamar an yi yaɓe. Sai na ji bayan motar ya tafi hagu, wajen fadama. Mata suka sa salati. Ni da na tsufa a kan hanya, wallahi na taka ƙasan motar har sai da gwiwata ta yi ƙara. Na dubi ƙafar Faruk. Ba ta je birki ba. Ya sassauta wuta, ya bi ta hagu, idonsa na kan hanya, da ta dawo ya mayar da hannu. Motar ta girgiza ta miƙe.

Ya gangara gefe ya tsaya. Ya sunkuya yana kallon ƙafarsa. Sai na ji ya ce, a hankali, ba da ni yake ba, "Baba, bai lotse ba." Ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka. Muka jira shi.

Da muka iso mun tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan nan. Faruk, kana ta cewa tsayawar nan ce ta hana ka samunsa. Ba ita ba ce. Na tambayi Humaira, ta ce ana tsakar ruwa ya cika, mu kuwa sai da aka ɗauke muka tashi. Ko tashi sama ka yi ba za ka same shi ba. Abin da ka yi shi ne ka kawo mota cike da mutane, kowa ya sauka da ƙafarsa, a wurin da ubanka ya rasa ɗa da ƙafa. Abin da ya yi shekaru yana nema ke nan.

Ƙungiya ta zauna, ta yanke abin da ya kamata ta yanke tuntuni. Za a buɗe shagon. Duk sabon direba zai zauna gaban Mai Wutsiya kafin ruwa ya sauka, kuma tsofaffin ma ba mu tsira ba, ni ne na farko, ga gwangwanina a aljihu. Amma ba mu da malami sai kai, Faruk. Ka ɗauki makullin shago, ka ɗauki na motarka. Albarkar da ya ce sai gwangwani ya tsaya, ni shaida ne, ya tsaya.

Inna Laure, shi bai ji ba. Wannan baƙin cikin za mu tafi da shi har namu kabarin. Ke da kika zauna da shirunsa duk shekarun nan, ki ji a madadinsa: ɗanku ya kama ta a kwanar Zauro, kuma bai taka ba.

Muna godiya ga wakilin Hakimi, da malamai, da baƙin da suka baro lodi suka zo, da maƙwabtan da suka yi ta ɗawainiya. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, kuma don Allah a bi kwanar nan a hankali.

Ya Allah ka jiƙan Hammadu, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka tsare mu da waɗanda muke ɗauka. Ya Allah ka isar masa da labarin da muka makara da shi. Ka haɗa shi da Izzuddeen a gidan Aljanna, inda zai kira sunansa da babbar murya ba tare da jin nauyin kowa ba. Amin.

Malam Liman, a yi mana Fatiha.