Kwalbar da Ta Ƙi Fashewa

Mai girma shugabar taro, mai girma Magajin Gari, Kwamanda Whitlock wakilin rundunar sojan ruwa, Fasto Dunleavy, tsofaffin abokan aikina da ciwon gwiwa ya hana su ƙamewa, matanmu da suka daɗe suna haƙuri da labaranmu, 'ya'ya da jikoki, jama'ar wannan gari na bakin teku, barkanmu da ganin wannan rana.

Sunana Harlan Pruitt, ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin yaƙi mai suna Emmett Haldorsen, wanda muka taru mu buɗe dutsen tunawa da shi, shekara arba'in bayan yaƙi. Ina godiya ga duk wanda ya sa hannu a aikin nan, da matan coci da suka cika mu da gahawa da kek ɗin tuffa. Godiya mafi girma kuwa ta Uwargida Ingrid Lindqvist ce, ƙanwar mai sunan jirgin, wadda yau ne ta fara zuwa taronmu. Dalilin da ya hana ta zuwa shi ne ainihin maganata, amma bari in bi abin daki-daki.

Na farko, mai sunan. Laftanar Haldorsen ɗan garin nan ne, ɗan masunci. A farkon yaƙi aka harbi jirgin da yake aiki, aka ce kowa ya faɗa ruwa. A bayan jirgin akwai bama-bamai a ɗane, irin waɗanda in sun nutse sai su tashi, kuma a ƙarƙashin masu iyo za su tashi. Kowa ya nufi ruwa, shi ya nufi bama-baman. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kwance ɗanarsu, har teku ta rufe shi. Ko ɗaya bai tashi ba, aka tsamo mutanensa da ransu.

Na biyu, jirgin. Aikinmu dasa nakiya a teku, aikin da ba a yi masa kiɗa. Mu shuka mu wuce, wasu su ga girbi. 'Yan manyan jirage kan yi mana ihu, "Kai, kaza, yau ƙwai nawa kika saka?" Mu ci gaba da aikinmu, don mun san mashigin da ƙwayayen nan suka toshe wa abokan gaba, mun san ayarin da suka tsare wa baya, mun kuma san su wa suka yi barci lafiya a bayan shingenmu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma jirginmu bai ba mai sunansa kunya ba.

Na uku, kwalba. Kun san al'adarmu: ranar da za a tura sabon jirgi ruwa, mace ce ke fasa masa kwalbar giya a goshi, daga nan ta zama uwar jirgi. Tamu uwar, Ingrid, 'yar makaranta ce a lokacin, hawayen yayanta bai bushe mata ba. Ta buga, kwalba ta ƙi. Ta sake bugawa, ta ƙi. Jirgi kuwa ba ya jiran kowa, ya sulale cikin ruwa, kwalba na lilo a igiyarta lafiya lau. Sojan ruwa ba ya tsoron igwa kamar yadda yake tsoron camfi. Tsoho Mulcahy, shugaban ma'aikatanmu, Allah ya ji ƙansa, ya girgiza kai ya ce, "Akwai abu a kwalbar nan." Ashe yarinyar ta ji shi.

A watan jiya na je gidanta in gayyace ta. Ta zuba mini gahawa, ta ce, "Harlan, da wane ido zan kalli mutanen nan? Kun rasa mutum biyu a jirgin da ni na kasa sa wa albarka." Jama'a, na ji ciwon maganar nan har cikin raina. Mu muna taruwa duk shekara muna dariya, ita tana gida da kayan da ba nata ba.

To, Uwa, yau ki ji abin da ba a gaya miki ba. A ƙarshen yaƙi, da rana tsaka, jirgin saman ƙunar baƙin wake ya faɗo mana, ga nakiyoyi jere a bayan jirginmu, masu isa su mai da mu gari. Abokanmu biyu, Tibbets da Novak, suka kutsa cikin hayaƙi, suna tura nakiyoyin cikin ruwa ba tare da an ɗana su ba, kamar yadda aka koya wa duk wanda ya shigo jirgin nan, da sunan yayanki. Su ne biyun da muka rasa. Yaƙi ne ya ci su, da jarumtarsu kuma suka tafi, babu ruwan kwalba. Da wuta ta mutu, Mulcahy ya dubi jirgi yana nan tsaye a kan ruwa, ya ce, "Ban gaya muku akwai abu a kwalbar nan ba?" Wani ya ce, "Tsoho, ai mugun abu kake nufi!" Ya ce, "Rufe mini baki, ni abu kawai na ce." Tun daga ranar, in za mu fita aiki, sunanki muke kira don neman sa'a.

Yanzu ina roƙon alfarma. Duk wanda ya yi aiki a jirgin nan, ya miƙe, ko da sanda. Duk wanda mahaifinsa ya dawo gida a jirgin nan, ya miƙe. Jikoki, ku ma, a ɗaga na goye sama. Uwa, juyo ki duba bayanki. Kusan babu kujerar da ta rage da mutum sai taki. Waɗannan duka 'ya'yanki ne, kuma sun daɗe suna jiran su gaishe ki.

Allah ya ji ƙan Emmett Haldorsen, da Tibbets, da Novak, da duk wanda teku ta riƙe. Allah ya ƙara wa uwarmu lafiya da nisan kwana, ya raba jikokin nan da ganin abin da muka gani, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.