Takalmi Mai Ƙarko

A bencin jiran likita wani magidanci ya zauna da 'yarsa mai ɗingishi, yana ta huci. Tsohuwar da ke gefensa ta kasa haƙuri.

"Ɗan nan, lafiya kake ta tsaki kamar tsaka?"

"Ina fa lafiya, Iya! Dukan yarinyar nan ake yi a makaranta. Na ji alamomin a rediyo: ga ɗingishi, ga kuka kullum da safe. Likita na tabbatarwa, sai ni da malaminsu!"

"Ita ta ce maka an dake ta?"

"Sai na tambaya? Ai na san 'yata."

"A gida ma tana ɗingishin?"

"A gida gudu take kamar barewa. Sai ta sa kayan makaranta. Kin ga shaida ke nan!"

Tsohuwa ta sunkuya. "Jikalle, cire mini takalmin nan in gani."

Da ƙyar ya fita. Yatsun sun ƙanƙance, dunduniya ta saluɓe.

"Wa ya sayo wannan?"

"Ni da kaina! Mai ƙarko ne, tun tana aji ɗaya ko ɗinki bai saki ba."

"Yanzu ajinta nawa?"

Ya buɗe baki, ya rufe, ya dubi yarinyar.

"Huɗu, Baba. Na ce maka yana matse ni, ka ce in bari ka gama jin rediyo."

"To," in ji tsohuwa, "wanda za ka kai ƙara yana nan cikin rigarka."

Ya saɓa yarinyar a kafaɗa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Iya, ina ake sayar da takalma a nan kusa?"