Awarwaron Kaka

A ɗakin jiran asibitin yara, wata mai tsohon ciki ta ga jaririn da ke hannun dattijuwar gefenta yana ta makyarkyata, sai ta zaro makullai tana kaɗa masa.

"Don Allah 'yata, mayar da su jaka. Ba ya son ƙara."

"Yi haƙuri, Mama. Zazzaɓi ne?"

"A'a. Uwarsa ta sha ƙwaya tana da cikinsa, shi ne jikinsa ke neman abin. Likita ta ce a naɗe shi tsam a zani, a rage haske da hayaniya. Dubi hannuna fayau. Awarwaron da nake sawa tun ina amarya, saboda angon nan nawa na tuɓe su."

"Allah sarki. Wasu iyayen dai ba tausayi."

"Kul. 'Yata ce, ni ke da ikon yi mata faɗa, kuma na gama. Tana can ciki wajen mai ba masu shaye-shaye shawara. Da bakinta ta gaya wa ungozoma gaskiya don a taimaki yaron. Kin san nauyin maganar nan?"

"Suɓutar baki ce, Mama."

"Ya wuce. Su biyu nake jinya. Shi da zani, ita da lallashi."

Mai cikin ta zare nata awarwaron a hankali, ta sa a jaka.

"Kawo shi ki huta."

"Tallabe kan. In uwar ta fito, ki ce mata da ita yake kama."