Randar da Ta Yi Kiɗa a Agege

Awaki biyu na sayar a kasuwar Sara, na haɗa da kuɗin gyaɗar da mijina ya rasu ya bari a rumbu, na ƙulle a bakin zane na hau motar shanu. Shekarun nan ne da arzikin man fetur ya haukata mutane, duk wanda ka tambaya ina ɗansa sai ya ce yana Ikko. Surukata ta ce mace ba ta zuwa ci-rani. Na ce, "Inna, yunwa tana tambayar mace ko namiji?" Ban tsaya jin amsa ba.

Ke Bilki jikata, ajiye wayar nan. Ke kika ce sai an sa miki akwatin kiɗa mai rugugi a kayan ɗaki, to buɗe kunne.

A Agege na sauka, kusa da zangon shanu. Na kama hayar rumfa wurin wani Bayarabe, Baba Lasisi. Lanlodi ake ce masa, ni kuwa har na baro garin lallodi nake cewa, shi ma bai taɓa kiran sunana daidai ba, sai Iya Tuwo. Tuwon masara nake yi da miyar kuka, daddawata daga gida ake kawo mini, direbobin Arewa kuwa har layi suke yi.

Sai Ladi, wata 'yar Kaduna mai rumfa a gefena, ta sayo kayan kiɗa na kanti. Rikoda ce da akwatuna biyu masu sheƙi, da wani ƙato na uku da suke kira wufa. Wufa! Suna kamar haushin kare. Amma in ta kunna, a ƙirji kake jin ganga. Miyarta tsululu ce, gishiri ma sai ka roƙa, duk da haka direbobi suka kwashe suka koma can. A nan na gane namiji da kunne yake cin abinci.

Lallodi ya zo ya dubi bencina.

"Iya Tuwo, benci naka babu mutum."

"Suna zuwa."

"Ladi yana so rumfa naka. Ƙarshen wata, in babu mutum, ka kwashe tukunya."

"In na kwashe in kai ina?"

"Arewa yana da faɗi."

Na tafi kanti na tambayi kuɗin wufa. Kuɗin saniya da ɗanta. Mai kantin ko taɓawa bai bar ni na yi ba. A hanyar dawowa na tsaya wurin Sande mai gyaran rediyo, na tarar ya buɗe irinta. Na leƙa. Wani baƙin abu ne kamar faifai, da maganaɗisu a bayansa, sauran cikin kuwa wayam.

Na ce, "Ina sauran kayan?"

"Babu, Mama. Iska ce."

"Iskar ake sayarwa kuɗin saniya?"

Ya yi dariya ya ce faifan nan shi ke tura iska, akwatin kuma aikinsa ya riƙe ta kada ta tsere. In cikin ya yi girma, jikin ya yi kauri, ba kafa ko ɗaya, sai murya ta yi zurfi. Na ce a raina, wannan ai ba boko ba ne. Ni da na tashi ina kiɗan ƙwarya a gidan biki, wa zai koya mini inda amo yake kwana?

Na sayi faifan a hannunsa, da rediyon wata mota da ta yi haɗari, mai cin kaset, da tsohon batir. Wani kafinta ya buga mini akwati da katakon akwatin sabulu. Da muka kunna sai ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi. Ladi ta leƙo ta ce, "Yaya, a kai shi asibiti mana." Na gwada garwa, ta yi ƙarar gidan maƙera. Na gwada tukunyar garin, ba ta da jiki.

Kun san yadda muke sayen randa a nan. Ƙwanƙwasa ta ake yi: mai lafiya ta amsa daga ciki, mai tsaga ta yi kwas. To wannan amsawar nake nema. Na tare Alhaji Sule, direban shanu mutumin Kiyako, na ce ya taho mini da randa irin ginin matan Kwandiko, can wajenmu Gwaram, mai kauri.

Ya ce, "Daga Gwaram har Ikko, randa? Tsakanin ƙahonin shanu?"

Na ce, "In ta fashe kada ka ƙara cin tuwona."

Ya kawo ta a cikin buhun ƙaiƙayi, saura kwana uku wata ya ƙare. Sande ya yanka katako daidai bakinta ya ɗaura faifan, ni kuma na narka kakin zuma na like gefen. Na bi da gashin kaza, duk inda ya motsa na san iska na fita, in ƙara kaki. Muka sa kaset na gangar noma. Ruwan wanke hannu da ke cikin kwano ya kama rawa. Wani direba ya taso daga wurin Ladi da lomarsa a hannu.

Ranar ƙarshen wata da azahar, benci ya cika, ina jiran lallodi, sai kiɗa ya ɗauke ɗif. Na waiga. Wani bafatake ne da saukarsa ke nan daga mota, ƙishi ya ishe shi. Ya ga randa irin ta gidansu, ya ɗauki moɗa, ya sa ƙarfi ya ɓamɓare murfin har waya ta tsinke.

Yana leƙawa ya ce, "Inna, randarki ba ruwa!"

Ban ma zage shi ba, lokaci bai isa ba. Sande ya tafi kasuwa, amma na ga yadda yake yi. Na feƙe wayar da haƙori na murɗa, na ɗora kaki a ludayi kan wutar tuwo, na sa bafataken ya danne murfin da hannu biyu. Kafin ruwan tukunya ya tafasa ganga ta dawo. Lallodi ya iso bai sami wurin zama ba, a tsaye ya ci tuwonsa. Bai ƙara ta da zancen rumfa ba. Washegari na ajiye randar ruwa ta gaske a bakin ƙofa, ta kiɗan kuma na ɗaura mata zane.

Gaskiya ɗaya ce, akwatin Ladi ya fi nawa fitar da muryar mawaƙi, tawa randar cinye magana take yi. Amma ran da wutar lantarki ta zo da ƙarfi ta ƙone nata, wata huɗu tana jiran kayan gyara daga ƙasar waje. Tawa in ta yi ciwo na san inda yake, ni na haɗa ta.

Shekara tara na yi. Na dawo na sayi filin gidan nan, na aurar da iyayenku. Faifan ya ruɓe tun tuni, rediyon ma ban san inda ya shiga ba.

Bilki, tashi ki ɗebo mini ruwa a randar can ta gindin bango. Shafa bakinta. Kin ji wani abu mai santsi? Kakin ke nan. Kada ki kankare.