Ƙaryar da Na Yi wa Likita

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, ƴan'uwa.

Wata huɗu ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai yi nisa ba, kuma abin da zan faɗa abin kunya ne.

Sunana Yakubu, magini ne ni a nan Agadas. A Gaya na girma, cikin ruwan gonar shinkafa. Tun ina saurayi nake ganin jini a ƙarshen fitsarina, manya suka ce alamar balaga ce. Daga baya na je aiki Dirku, na yi zunubi da wata mace, kafin in auri Saratu. Jinin ya ƙaru. Sai na sa wa raina cewa hukuncina ne, na yi shiru.

Bara numfashi ya fara gagarata. In na hau tsani da bulo biyu, sai ƙirjina kamar ana daka. Ƙafafuna suka kumbura. Likita ya ce zuciyata ta gaji. Ya tambaye ni, Saratu na zaune a gefe: "Ka taɓa fitsarin jini?"

Na ce, "Ko sau ɗaya."

Ni da nake jan waƙa a majami'a! Wayyo ni!

Sati uku ina shan magani, ba sauƙi. Wata safiya na durƙusa na ce, "Ubangiji, na fi tsoron idon matata da idonka. Ka gafarta mini." Na tashi na faɗa mata kome.

Ta yi kuka. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Ran na uku ta ce, "Baban Rut, ni nake wanke wandonka, makauniya ka ɗauke ni? Sa takalmi mu koma wajen likita."

Aka yi analiz, wato gwajin fitsari. Tsargiya ce! Likita ya ce tsutsa ce ta shiga ta fata tun ina cikin ruwan gona, ƙwayayenta suka toshe jijiyoyin huhu, zuciya ta yi ta turawa har ta gaji. Ba ruwanta da Dirku.

Aka kashe tsutsar. Tsani dai na bar shi, amma da ƙafata nake zuwa sujada. Godiya ga Yesu! Ku dogara gare shi, kada ku ɓoye wa likita kome.

Abu ɗaya ke cin raina. Iliya ɗan kawuna, gona ɗaya muka shiga, shi ma yana ganin jinin, kuma ni na ce masa ya rufe bakinsa. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Dirku, lambarsa ba ta shiga. Don Allah, wanda ya san inda yake ya sanar da fastonmu.