Lambun da Na Gani a Ƙarƙashin Tekun Yanbu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Sunana Haruna, ina aikin gonar dabino a Awali, nan Madina.

Da hutun Sallah ni da abokina Isa muka je Yanbu ganin teku. Muna sauka masu kwalekwale suka yanyame mu, suka tsawwala kuɗi don sun ga baƙi. Muka yi gaba muna mita da Hausa. Sai wani tsoho mai gyaran taru ya ɗago ya ce da Hausa, "Ya shabab, samari, ku mutanen ina ne?" Ashe kakansa da ƙafa ya zo hajji daga Damagaram.

Ya ɗauke mu a kwalekwalensa, ya miƙo min bokiti mai gindin gilashi, ya ce in ɗora kan ruwa in leƙa. Wallahi Malam, lambu ne a ƙasa! Duwatsu masu rassa, ja da shuɗi, kifaye kamar an rina su. Na ɗago ina tasbihi, hawaye na zuba, har Isa ya zaci tsoro ne.

Shawarata, ku wuce masu tare baƙi, ku taka wurin masunta ku yi sallama. Ina gaida 'yan'uwa mazauna unguwar Jurf, musamman Malam Sani da ya ƙi bin mu.